Gina Maket na Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar wannan aiki a Garwa, Marwa, Ngawundare da Injamena suka fi yi. Maket shi ne ƙaramin kwafin jirgi na gaske, wanda aka rage kowane sashe nasa da lissafi ɗaya. Yawancin jagororin da ke zuwa da kayan haɗi an rubuta su ne don ƙasashe masu laima. Mu kuwa hunturunmu na tsotse katako har ya tsage, damina ta zo ta kumbura shi, saboda haka amsoshin nan sun yi la'akari da yanayinmu. Duk lissafin da ke ƙasa a ma'aunin 1:60 yake, sai inda aka faɗi wani.

Da wane jirgi ya kamata in fara?

Ba da Victory ba. Kusan kowa shi yake fara hange, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a 1765, wanda kwamandan sojan ruwa Nelson ya mutu a cikinsa a yaƙin Tarafalga na 1805. Igwa fiye da 100 gare shi, hawa uku na igogi, kuma kowace igwa da kekenta da igiyoyinta da murfin tagarta. Wanda bai taɓa lanƙwasa falanki ɗaya ba, in ya ɗauko wannan, ƙarshensa kwali ne a ƙarƙashin gado.

Fara da jirgi mai jigo ɗaya, wato dogon itacen da ke tsaye yana ɗauke da filafilai, ko kwalekwalen babban jirgi. Misali mai kyau shi ne kwalekwalen jirgin sojan ruwan Ingila Bounty, mai tsawon mita 7, wanda Kyaftin Bligh da mutum 18 suka yi tafiyar fiye da kilomita 6,000 a cikinsa zuwa Timor bayan boren da aka yi a jirgin a 1789. A ma'aunin 1:24 bai wuce santimita 29 ba, kuma zai koya maka jera falankai, sassaƙa jigo da ɗaurin igiya. Jirgin Larabawa mai filafili ɗaya mai kusurwa uku ma ya dace. Na biyu sai ka ɗauki Bounty kansa: jiguna uku, manyan igogi 4 kacal, tsawon daɓensa mita 27.7, wato santimita 46 a kan teburinka.

Mai neman abin da ya shafi yankinmu ya tuna cewa a 1851 Bajamushen nan Adolf Overweg ya zagaya Tafkin Chadi a wani jirgi da aka sa wa suna Lord Palmerston, wanda raƙuma suka ɗauko gunduwa-gunduwa daga Tarabulus.

Mene ne 1:60, kuma yaya zan yi lissafinsa?

Santimita 1 a maket daidai yake da santimita 60 a jirgin gaske. Ka raba kowane awo na gaske da 60. Mutum mai tsayin mita 1.70 zai zama milimita 28. Yanka ɗan kwali mai wannan tsayi ka ajiye shi a gefenka har ƙarshen aiki. Duk abin da ka ƙera, tsani ko ƙofa ko guga, tsayar da shi kusa da shi. Ido yakan yi ƙarya, amma in ka ga guga ya kai wa mutumin ƙugu, ka san ka yi kuskure.

Girman lamba, ƙanƙantar jirgi. A 1:100 gangar Victory mai mita 69 za ta zama santimita 69, amma kurar igiya za ta koma kamar ƙwayar dawa. Ga mai koyo, tsakanin 1:48 da 1:64 ya fi sauƙi ga yatsu.

Kayan haɗi na kwali zan saya, ko zan yi komai da kaina?

Kamfanoni irin su OcCre da Artesanía Latina na Sifen, Amati da Corel na Italiya, da Billing Boats na Denmak suna sayar da kwalin katako da aka riga aka yanka. Heller na Faransa kuma na roba ya fi yi. Amfanin kwali shi ne haƙarƙarin, wato katakan gicciye da ke ba gangar jirgi siffa, sun zo a yanke daidai. Illarsa a nan biyu ce: kuɗin aiko shi da na kwastan, da kuma cewa katakon ya baro ƙasa mai laima. In kwali ya iso a watan Janairu ka buɗe shi ka fara aiki a ranar, ƙashin bayan, wato dogon katakon tsakiya da haƙarƙari ke zama a kansa, zai karkace kafin mako ya zagayo. Buɗe shi, shimfiɗa filawud ɗin a kan gilashi ko tayil, danne da littattafai masu nauyi, ka ba shi mako biyu zuwa uku ya saba da iskar ɗakin.

Mai yi daga tushe zane kawai yake bukata. Gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic a Landan yana riƙe da ainihin zanen jiragen sojan ruwan Ingila da dama, kuma ana sayar da kwafinsu. In zanen ya zo a 1:48 kana son 1:60, raba 48 da 60, ka ce wa mai fotokwafi ya rage zuwa kashi 80 cikin 100. Kafin a buga, ja layi mai santimita 10 a tsaye da wani a kwance a gefen takardar. Bayan bugawa duka biyun su zama santimita 8 cif. Injuna da yawa suna ja ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, kuma wannan 'yar tazarar ce ke sa haƙarƙari su ƙi zama a gurbinsu.

Wane katako na nan ne ya dace?

A nan mun fi Turawa sa'a ta wani gefen. Ayus da safeli da suke saya da tsada daga dazuzzukan kudancin Kamaru suke fitowa, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, manyan motoci su kwasa zuwa arewa har Injamena. Guntayen da kafinta ke zubarwa sun ishe ka.

Ayus, farin katakon nan mara nauyi, shi ne na shimfiɗar farko ta falankan jikin jirgi da cike gurbi: yana yankuwa da reza, yana lanƙwasuwa. Safeli, ja mai duhu, na shimfiɗa ta biyu ne, a fere shi siriri kamar milimita 0.5 zuwa 0.6. Sai dai zaɓi wanda zanen jikinsa ƙanana ne. Katako mai manyan jijiyoyi, irin iroko, a ƙaramin jirgi yakan fito kamar an gina shi da gungume.

Don ƙananan abubuwa kamar kura, maɓallin igiya da keken igwa, ana son itace mai tauri wanda ba ya ɓarewa in an huda shi. Aduwa, wadda ake sassaƙa allon karatu da ita, tana da kyau ƙwarai. Kanya, gwaiba da reshen lemo ma haka. Sharaɗin shi ne ya bushe sarai. Reshen da aka sara bana, a shafa masa fenti ko kakin zuma a bakunansa biyu, a ajiye a inuwa har shekara. Tsinken tsire na gora yana yin ƙananan sanduna, amma ba jigo ba, domin ba ya ferewa sumul.

Ƙashin baya da haƙarƙari kuwa filawud mai milimita 4 ko 5, abin da masu kantin kayan gini a nan ke kira kwantirfilake. Ɗaga shi ka hango tsawonsa da ido ɗaya kafin ka biya. Wanda ya fara lanƙwashewa a kanti ba zai miƙe a gida ba.

Waɗanne kayan aiki ne dole?

Wuƙar reza mai canza baki, ƙaramin zarto mai siririn baki, rula ta ƙarfe, sukwaya, ƙananan magagarai, sanfefa mai lamba 80, 120, 240 da 400, hantsaki, filaya mai tsinin baki, mahuji na hannu da bakuna daga milimita 0.5 zuwa 2, allurai masu kai, makaman shanya, da robar ɗaure kuɗi. Ƙarfen lashi na masu gyaran rediyo zai yi maka aikin lanƙwasa falanki. Ma'aunin kauri irin na makanikai shi ne abu ɗaya da ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Wane gam?

Farin gam na kafinta shi ne na kusan duk haɗin katako da katako. A zafin Maris zuwa Mayu yana kama fata cikin 'yan mintoci, don haka kada ka shafa wa falanki mai tsawo gaba ɗaya. Bi haƙarƙari uku-uku. Goge wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen ƙyalle nan take, in ba haka ba wurin ba zai sha banish ba, zai bar farin tabo.

Sufa gulu na haɗa ƙarfe da katako ne, ɗigo ɗaya a bakin allura. Kada ka sa shi a ƙullin igiya: yana bin zare ya sandare shi, bayan wani lokaci ya karye kamar taliya. Ƙulli farin gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi yake so. Gam ɗin masu takalma wasu na amfani da shi a shimfiɗa ta biyu saboda saurinsa, amma in falanki ya sauka a karkace babu gyara, kuma ɗakin kwano mai zafi yakan sa bakunansa su ɗago.

Yaya zan hana gangar jirgin karkacewa?

Nan ne jirgi ke yin kyau ko ya lalace, tun kafin ya fara kama da jirgi. Sami katako mai kauri, miƙaƙƙe, ka ja layi a tsakiyarsa. Kafa 'yan sanduna biyu a gefen layin da kusa, su matse ƙashin bayan a tsakaninsu. Jirgin zai zauna a wannan gado har ka gama jera falankai.

Saka haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ba tare da gam ba tukuna. Duba kowanne da sukwaya ta fuska biyu, sannan ka auna daga gadon zuwa kafaɗarsa ta dama da ta hagu. Bambancin milimita 1 a nan zai fito a daɓe kamar jirgin ya sha kaya ta gefe ɗaya. In gurbi ya yi sako-sako, cika shi da 'yar takarda. In ya matse, goge da magagari, kada ka doka. Gurbin da aka tilasta shi ne ke tura ƙashin baya ya lanƙwashe. Bayan gam, manna 'yan katakai masu kusurwa huɗu a lungun kowane haƙarƙari.

Sai aikin da masu koyo suka fi tsallakewa: gyara bakin haƙarƙari. An yanke su a miƙe, alhali jikin jirgi lanƙwasa yake yi wajen goshi da baya. In ba a zaftare bakin ba, falanki zai taɓa kaifin gefe ɗaya kawai, ba wurin da gam zai kama, kuma jikin zai fito da gwiwoyi. Manna sanfefa 80 a jikin sanda mai tsawon da zai haye haƙarƙari uku a lokaci guda, ka riƙa gogawa bisa tsawon jirgin. Gwaji kuwa da siririn falanki ne: kwantar da shi a wurare daban-daban, ya kwanta lif a kan kowane haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Inda ya bar rata, manna siririn katako ka sake gogewa. Gurbi biyu na farko a goshi da na ƙarshe a baya, cike su da ayus ka sassaƙa, domin a nan lanƙwasar ta fi tsanani. Wannan aiki kan ci kwana biyu ko uku, kuma bai kamata a yi masa rowar lokaci ba.

Falankaina suna karyewa, ko su taru a goshi su ƙi shiga. Me ya sa?

Matsala biyu ce daban.

Karyewa daga lanƙwasa busasshen katako take. Jiƙa falankin a ruwan ɗumi minti 20 zuwa 30, sannan ka bi da shi a jikin ƙarfen lashi mai zafi, ba bakinsa ba, kana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Zafin ne ke sa ya riƙe siffar, ruwan taimako kawai yake yi. Maƙale shi a gurbinsa da allurai ba gam, ka bar shi ya bushe. A hunturu awa ɗaya ta isa, a watan Agusta sai ya kwana. Wanda ya manna jiƙaƙƙen falanki zai tashi da safe ya ga rata tsakanin kowane biyu, domin katako a faɗinsa yake tsukewa, ba a tsawonsa ba.

Taruwa a goshi kuwa lissafi ne. Ciki ya fi goshi faɗi, amma adadin falankan ɗaya ne, saboda haka dole kowanne ya sirance yayin da yake nufar goshi. Ɗauki siririyar takarda ka auna bakin haƙarƙarin tsakiya daga ƙashin baya zuwa daɓe. A ce ya ba ka milimita 100, falankinka kuma 5 ne: falankai 20 ke nan. Auna na kusa da goshi, a ce 64. Raba da 20, ka sami 3.2. To a daidai wannan haƙarƙari kowane falanki faɗinsa 3.2 ne. Yi wa dukkan haƙarƙarin haka, ka rubuta a takarda, ka riƙa fere gefen sama kawai. Ka'idar maƙeran gaske ita ce falanki ba ya sirancewa ƙasa da rabin faɗinsa, kuma ba ya ƙarewa da tsini kamar mashi. In lissafi ya kai ka ƙasa da 2.5, haɗe falankai biyu su koma ɗaya kafin su isa goshi. A baya kuma, inda wuri ke buɗewa, sai a cusa ƙarin gajeren falanki.

Ɗaya dama, ɗaya hagu, haka za ka bi har ƙarshe. In ka gama gefe guda kafin ka taɓa ɗayan, jan da falankan ke yi zai murɗe gangar, ko tana kan gado.

A wane lokaci na shekara ya fi kyau a jera falankai?

Gangar da aka rufe a tsakiyar damina ita ce ke tsagewa a Fabrairu, musamman a Marwa da Injamena inda bushewar ta fi tsanani. Wadda aka rufe a rani kuma in damina ta zo katakon kumbura zai yi, ratar ta ƙara matsewa, wanda ya fi sauƙin illa. Don haka jera falankai daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da ka gama shimfiɗar farko, shafe cikin gangar da tsinkakken farin gam ko banish kafin ka rufe daɓe, sannan wajen ma ya sha nasa. Katakon da aka rufe ta fuska ɗaya kaɗai shi ya fi saurin lanƙwashewa. Damina a bar ta ga igogi, anka, tsani da sauran ƙananan kaya.

Yaya ake sa daɓe ya yi kama da na gaske?

Farin katako, faɗin milimita 4, tsawon santimita 12 ko kusa da haka. Fara daga layin tsakiya ka nufi gefuna. Kada gaɓoɓi su yi layi ɗaya: a jirgin gaske akan bar falankai uku tsakanin gaɓa da wadda ta sake faɗowa a kan katakon gicciye guda. Baƙin layin kwalta da ke tsakanin falankai, goga fensir mai laushi a gefe ɗaya na kowanne kafin ka manna. Alƙalamin maka ba ya yi, tawadarsa na bin jijiyar katako ta yi dabbare. Kada ka bi daɓen da sanfefa bayan haka, garin fensir zai baƙanta shi. Kankare shi da bakin reza a tsaye.

Turakun itacen da ke riƙe falankai a jirgin gaske kaurinsu bai wuce santimita 3 ba, rabin milimita ke nan a nan, kuma launinsu kusan ɗaya da daɓen. Masu cika daɓe da baƙaƙen ɗige-ɗige wahala kawai suke sha, jirgin ya fito kamar mai ƙyanda. A maket da ya fi na 1:60 ƙanƙanta a bar su gaba ɗaya.

Sai na lulluɓe ƙasan jirgin da jan ƙarfe?

Ya danganta da shekarar jirgin. Sojan ruwan Ingila sun fara gwada shi a jirgin Alarm a 1761, don hana tsutsar ruwa cin katako. Saboda haka Santa Mariya, jirgin Kolumbus na 1492, da Vasa, jirgin Suwidin da ya nutse a Istokholm a 1628 aka tsamo shi a 1961, ba su da shi. Bounty da Victory suna da shi. Cutty Sark, jirgin kasuwancin Birtaniya na 1869, kuwa gaurayen jan ƙarfe da tutiya aka sa masa, launinsa ya fi karkata zuwa rawaya.

Falle ɗaya na gaske santimita 122 ne da 36, wato milimita 20 da 6. Ja layin ruwa tukuna: ɗaure fensir a kan guntun katako mai tsayin da ake so, ka zagaya jirgin da shi a kan tebur mai santsi. Fara mannawa daga ƙashin baya ta wajen baya, kana nufar goshi da sama, jeri-jeri kamar ginin bulo. Yatsa na barin tabo a jan ƙarfe, don haka in ka gama goge shi da ruwan lemon tsami da ɗan gishiri, ka bi da ruwa, ka busar.

Fenti fa?

Mara ƙyalli, siriri, shafi uku maimakon ɗaya mai kauri. Fenti mai ƙyalli na mayar da jirgi abin wasan yara. Tagulla ba ta riƙe fenti sai an wanke maiƙonta an sa mata shafin farko. Kuma kada ka amince da hoton kwali a kan launi: an daɗe ana yi wa Vasa shuɗi, sai bincike a kan ragowar fentinsa ya nuna ja ne ya rinjaya, haka kuma a 2015 aka sake fentin Victory da launi mai haske fiye da rawayar da aka saba gani.

Da hunturu yi fenti da sassafe kafin iska ta tashi, ka kifa kwali a kai.

Ba na son sa mutum-mutumin da ke goshin jirgi. Jirgin zai lalace?

A'a. Jirage da yawa na gaske ba su da shi, sai wata sassaƙa mai naɗi kamar kan goge ko ganye. Constitution, jirgin yaƙin Amurka na 1797 da ke Boston, irin wannan ce a goshinsa yanzu. Ƙananan jirage masu jigo ɗaya da jiragen Larabawa ma ba su da shi. Zaɓi ɗaya daga cikinsu tun farko ya fi ka cire wa Cutty Sark tasa.

Yaya ake fere jigo?

Daga katako mai kusurwa huɗu, miƙaƙƙen jijiya. Sirantar da shi yana mai kusurwa huɗu bisa awon zane, sannan ka zaftare kusurwoyin ya koma takwas, sannan sha shida, sai sanfefa. Mai dirila na iya damƙe shi a baki ya juya, amma ya riƙa aunawa a kai a kai. Sandunan gicciye da ke ɗauke da filafilai sun fi kauri a tsakiya, suna sirancewa ta ɓangare biyu. Duba zane don kwanciyar kowane jigo, domin ba duka ne ke tsaye cak ba, na baya yakan ɗan jingina.

Igiyoyi sun ruɗa ni. Ta ina zan fara, kuma da wane zare?

Iri biyu ne. Masu riƙe jiguna ba sa motsi, kwalta aka shafa musu, launinsu baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa. Masu ɗaga filafilai da juya sanduna launin rama ne. Farin zare fat babu shi a jirgi.

Tarkon da ke kama mutane shi ne tsoffin jadawalai kewayen igiya suke bayarwa, ba kaurinta ba. Igiya mai inci 6 kewayenta milimita 152 ne. Raba da 3.14 ka sami 48, raba da 60 ka sami 0.8. Wanda bai san haka ba zai ɗaura igiya mai ninki uku. Kana bukatar aƙalla kauri huɗu ko biyar, daga 0.1 zuwa 1, masu kauri a ƙasa, sirara a sama. Don gane kaurin zare, naɗa shi a jikin rula sau 20 a matse ka raba faɗin da 20.

Zaren auduga da aka murɗa yana tsukewa in ya sha laima, ya saki in ya bushe. In ka ɗaure shi tamau a Janairu, Agusta zai ja kan jigo ya lanƙwasa. In ka ɗaure a Agusta, Janairu zai same shi yana lilo. Zaren foliyesta irin na teloli da masu ɗinkin takalma bai damu da wannan ba, shi muka fi ba da shawara. In auduga kake so, rataya shi da ɗan nauyi kwana biyu, ka ja shi sau ɗaya a kan kakin zuma, wanda ba ya wuya a kasuwar Ngawundare. Sau ɗaya ɗin nan ya isa kwantar da gashin zaren. Kaki mai yawa mayen ƙura ne.

Tsarin: daga tsakiya zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama. Fara da sandar da ta miƙe daga goshi, sai igiyoyin gefe na hawan ƙasa na jiguna. Bibbiyu ake rataya su a wuyan jigo, na dama tukuna, sai na hagu, ana musanyawa. Daga nan igiyoyin da ke jan jigo gaba, sannan hawa na biyu. Kada ka ƙulle komai dindindin sai ka hango jirgin daga goshi ka ga jigunan uku sun ɓoye a bayan juna.

Kowace igiyar gefe tana ƙarewa da maɓallai biyu masu ido uku, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, zare na bi ta cikinsu. Na sama idonsa na tsakiya sama yake kallo, na ƙasa kuma ƙasa. Don su yi layi ɗaya, lanƙwasa 'yar waya mai ƙugiya biyu ta riƙe tazarar yayin da kake ɗaurewa.

Tsanin igiya nawa ne tazararsa?

Santimita 33 zuwa 38 a gaske, milimita 6 a nan, da zare mafi siriri. Ja layuka a farin kwali ka maƙala a bayan igiyoyin. Kuskuren da aka fi yi shi ne ja da ƙarfi, igiyoyin gefe su tsuke a tsakiya kamar kalangu. Maganinsa ɗaura kowane mataki na biyar tukuna, sannan ka cike tsakani. Kuma ka shirya: igiya 8 a jeri 25 ƙulli 200 ne a gefe ɗaya na jigo ɗaya.

In sa filafilai ko in bari?

Ra'ayinmu, a jirgin farko a bari, ko a naɗe su. Kowane yadi ya yi kauri a wannan ma'auni, ɗinkin keke kuma in ka lissafa shi ya zama taki mai tsawon tafin hannu. Ga shi suna rufe igiyoyin da ka sha wahala a kansu. In za ka naɗe, yanka filafilin sulusin zurfinsa kawai, in ba haka ba zai zauna a kan sanda kamar katifa. Mai son buɗaɗɗu ya nemi yadin auduga mafi siriri, ya wanke sitacinsa, ya rina da tsinkakken fenti mai ruwan toka-toka da ɗan rawaya. Ruwan shayi na ba da launi mai kyau amma yana cin yadi a hankali. Layukan haɗin ƙyalle a ja su da fensir mai tauri, milimita 10 tsakani, igiyar bakin filafili kuma a manna ta da farin gam.

Yaya zan adana shi?

Akwatin gilashi, kuma a auna shi tun kafin a ɗaura igiyar farko, da sararin santimita 5 ta kowane gefe. Hunturu ɗaya a fili ya isa ya mayar da igiyoyi kamar yanar gizo, kuma kyankyaso na cin gam da sitaci, zanzaro kuma ba ya ƙin tagar igwa. Kada akwatin ya jingina da bangon ƙasa saboda gara, kada kuma rana ta riƙa dukansa ta taga. Bar 'yan ramuka biyu ƙanana a gindinsa, a toshe da auduga, iska ta riƙa shiga ba ƙura. Dalili shi ne tururin gam da na wasu katakai in ya taru a rufaffen wuri yana cin duk wani abu na dalma, ya mayar da shi farin gari, shi ya sa anka ko igwar da aka zuba da dalma ba a so. Ƙusoshin da za su riƙe jirgin a kan gindinsa ta cikin ƙashin baya suke bi, don haka a huda ramukansu a ƙarfafa wurin da katako tun ranar da ake saka haƙarƙari. In ƙura ta riga ta hau, burushin fenti mai laushi busasshe, daga saman jigo zuwa ƙasa, ba ruwa, ba hurawa da baki.